Kwanukan Niƙa a Ɗakin Jarrabawa

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da na tsaya jarrabawar baka a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta. Zamanin kuɗin fetur ne, aka ɗauko ni daga ofishinmu na Kazaure aka tura ni jami'a koyon wannan aiki, ni da na fara da allo da ajami, boko daga baya ya riske ni. Sharaɗin a fili yake: wanda ya faɗi ya koma gida, a ba wani gurbinsa.

A bakin ƙofa abokina ɗan Ɓaɓura ya dube ni ya ce, "Malam, wannan gumi naka ai zai cika dam ɗin garinku."

Na ce, "Kai dai taya ni da addu'a, ka bar tsiya."

Mai jarrabawar wani dattijon Ba'indiye ne marar fara'a. Ya ce, "Ƙwaƙwalwar kwamfuta takan tara umarni a wurin jira, ta aikata wanda ya shirya ko da ba shi ne a gaba ba. Me ke hana sakamakon rikicewa? In wurin ya cika fa?"

Wallahi duk abin da na haddace ya gudu. Har na hango kaina na sauka a tasha da akwatina, ana tambayata yaya karatu. Ina ta salati a zuci, sai Allah ya kawo mini injin niƙan kawuna na Roni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gidan niƙa mata kan jera kwanukansu yadda suka iso. In hatsin da ke gaba bai tsane ba, kawuna ba ya tsayar da inji, na baya yake ɗauka. Amma in ya niƙa sai ya mayar da kwano gurbinsa, ba ya sallamar wata kafin wadda ta riga ta. In ɗaki ya cika, ya tare ƙofa har a samu wuri."

Na ɗauka tawa ta ƙare. Sai dattijon ya ce, "Me ya hana kawun naka faɗaɗa ɗakin?"

"In ya yi faɗi, sai neman kwanon da ya shirya ya cinye masa lokacin niƙa."

Ya cire tabarau ya ce, "Je ka, ka ci. Ka gaishe da kawunka."

Na fito na yi sujada a kan simintin baranda, ɗan Ɓaɓura na ta dariya.

Tun ranar na gane cewa abin da bai nuna ba a bar shi ya jira, a kama wanda ya samu, amma kada gaggawa ta sa a ci layin wani. Da haka nake aiki, da haka nake zaman iyali har yau.