Romon da Na Sha a Gaban Surukina

Ina da ciwon suga, ina kuma da suruki. Ban taɓa zaton abubuwan nan biyu za su yi karo ba, sai ranar da muka biyo ta Jidda za mu koma gida daga umra.

Da 'yata ta fari aka shirya tafiyar. Ciki ya zo mata da laulayi, likita ya hana ta hawa jirgi, sai ta ce mijinta ya raka ni. Mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Amma mu a gidanmu kunyar suruki ba wasa ba ce, balle mijin 'yar fari. Tun da ya aure ta ban taɓa kama sunansa ba, ko ruwa ban taɓa kurɓa yana wurin ba. Shi ma idan ya zo gaishe ni, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ya gaida tabarma, ya tashi. A jirgi sai da ya roƙa aka sauya masa kujera. A Makka kuwa kowa da ɗakinsa. Sai ya ajiye mini abinci a ƙofa, ya ƙwanƙwasa, kafin in buɗe ya ɓace.

Ranar komawa muka bar masauki bayan asuba. Na haɗiyi ƙwayar maganina da ruwa, da niyyar in karya a wurin yayata a Jidda. Yaya ta zo aikin hajji tun ina amarya, ta yi zamanta a unguwar Mahjar, ba ta sake komawa ba. Ta taho da al'adun wancan lokaci ta adana su kamar kwanukan jere. Abin da mu a Kano muka fara sassautawa, ita har yau da hannu biyu take riƙe da shi.

Ɗakinta ɗaya ne, an raba shi da labule. Ta yi mana waina da miyar taushe. Ta miƙa wa surukina nasa ta bayan labule, ta ajiye nawa a gabana. Ina kai hannu ta dafe shi, ta nuna mini ƙafafunsa da ke leƙowa ta ƙarƙashin labulen.

"Aib, abin kunya ne, ke kuwa," ta ce mini ƙasa-ƙasa. "Ki bari ya fita tukuna."

Ina zai fita a garin da bai san kowa ba? Shi ma da yake yana jin motsina, kwanonsa ya dawo yadda aka kai shi, wai alhamdu lillahi ya ƙoshi. Yaya ta rufe kwanukan tana yaba tarbiyyarsa. Ta ce yalla, mu tashi mu je kasuwar Bani Malik mu yi tsaraba, in mun dawo sai in ci a tsanake.

Azahar ta wuce muna shiga shago muna fita. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi. Yaya tana ta zuba Larabci da wani mai abaya lokacin da na fara jin alamar da na sani, ta faɗuwar suga. Gumi mai sanyi ya karyo mini, hannuna ya ɗauki rawa, rubutun shaguna ya soma rabuwa biyu. Na san abin da ke biyo baya, domin ya taɓa kayar da ni a tsakar gidana, sai a asibiti na farka. Na raɗa wa Yaya cewa jikina ba daidai ba. Ta ce in yi haƙuri, saura shago ɗaya. Surukina yana can baya da ledoji, hannu ɗaya a aljihu, kansa a ƙasa.

Ƙamshi ne ya ja ni. Yana fitowa daga wani lungu tsakanin shagon gyaran waya da na masu ɗinkin labule, ƙamshin romon ƙashi da citta da kanumfari da kirfa. Ban yi shawara da kowa ba, na bi shi ina dafa bango.

Ƙaramar ƙofar gilashi ce a ƙarshen lungun, da wani allo mai rubutun Larabci da wasu haruffa irin na boko amma kowanne da 'yar hularsa. Ciki tebura kaɗan ne, babu labule, babu ɓangaren iyali. Duk inda ka zauna kowa yana kallon bakinka. Wata mata 'yar firit, sa'ata ko ta ɗan girme ni, da ɗankwali a kanta, ta yi mini sallama. Ta dubi hannuna, ta jawo mini kujera ba tare da ta tambaye ni komai ba.

Yaya ta faɗo a bayana tana haki. Ta tsare matar da tambayoyi da Larabci. Matar ta ce ita 'yar Biyetnam ce, Musulma ce, namanta kuma a nan bayan layi take saye wurin mahaucin da kowa ke saye. Da wannan ƙofa ta toshe, sai Yaya ta juyo kaina.

"Kin haukace ne? Abincin da ko sunansa ba ki sani ba, a tsakiyar kasuwa, surukinki na tsaye yana gani? Wallahi kafin ki sauka Kano labari ya riga ki."

"Ya riga ni, Yaya. Gara su ji na ci da su ji na faɗi."

Na ɗaga wa matar yatsu uku. Ta gane.

Kwano ne mai zurfi, romo tas kamar ruwan shayi, amma da ƙarfin ƙashin da ya daɗe a wuta. A ciki akwai farar taliyar shinkafa mai faɗi, da naman sa da aka yanka siriri kamar za a yi kilishi. A gefe ta kawo faranti da na'ana'a da lemun tsami da barkono da tsiron wake, har da ɗoɗɗoya, irin wadda ke bayan randata a gida. Ta miƙo mini tsinke biyu dogaye, wai da su ake ci. Na mayar mata da abinta cikin mutunci, na karɓi cokali mai yatsu. Yunwata ba ta koyon sana'a ba ce.

Wannan taliya ba ta san kunya ba. Ka ɗauko ta ta zame, ka kama ta ta yi maka bulala a haɓa. Ba ta ciwuwa sai da zuƙa, zuƙar kuma ana jinta har ƙofa. Romo ya ɗiga a mayafina, hancina ya kama yoyo saboda barkono. Na ci gaba da ci. A hankali rawar hannun ta lafa, bango ya tsaya wuri ɗaya. Da hankalina ya dawo sai haushi ya biyo shi. Na haifi 'ya'ya, na aurar, na binne miji, amma ga ni ina satar cin abinci kamar marar gaskiya.

Na ɗaga kai. Surukina yana waje a cikin rana, ya ba gilashin baya don kada ya gan ni. Rigarsa ta manne da jikinsa. Na miƙe na tura ƙofar.

"Ɗan nan, shigo ka zauna."

Ya juyo kamar bai yarda da kunnensa ba. Ya shigo, ya ɗosana a bakin kujera, ya ce, "Mama, ai na ƙoshi."

"Ƙarya ba ta kamace ka ba. Na ga kwanonka da safe. Ci."

Ya ɗan karkata wajen bango ya fara. Da farko a hankali, ba ko motsi. Can sai na ji zuƙa, ta fi tawa ƙara. Matar ta yi dariya daga wajen tukunya ta ce wani abu da yarensu. Ni ma na dara. Yaya tana zaune a gefe ta juya mana ƙeya, kwanonta yana hucewa, tana ta la haula.

Da ya kusa gamawa sai ya ajiye cokali, ya sa hannu a aljihun da ya yini yana dafewa. Ya fito da dabino a 'yar leda, duk ya narke ya cure da zafi. Ya ajiye a kan tebur, idonsa a ƙasa.

"Ita ta ba ni tun a gida. Ta ce in na ga hannunku yana rawa in ba ku." Matarsa yake nufi, 'yata. "Na gani tun a shagon farko. Na rasa ta yadda zan miƙo."

Na dubi dabinon nan. Tausayinsa ya kama ni, ɓacin rai kuma ya fi tausayin yawa. Ke nan da na faɗi a titin Bani Malik, da an tarar da surukina tsaye a kaina da maganin a aljihunsa, jama'a suna yaba irin kunyar gidanmu.

Na jawo kwanon Yaya da ba ta taɓa ba, na ajiye shi a tsakaninmu, na matse masa lemun tsami.

"Sa cokalinka," na ce masa.

Yaya ta zaro waya daga jaka, ta kai ta bakinta za ta aika saƙon murya gida.

"Halas, shi ke nan, yau sai kowa ya ji."

"Ki faɗa musu da kyau, Yaya," na ce. "Kada ki rage komai. Ki ce a kwano ɗaya muka ci."

Sannan na tura masa naman ɓangarensa, na ɗebi romo.