Sista Gertrude da Mai Mazarƙwailar Danja

Kowace Talata, tun kafin 'yan kasuwa su buɗe rumfuna, Sista Gertrude ta riga ta share ɗakin shan magani, ta kunna 'yar fitilarta, ta jera kwalaben gwaji. Ranar masu ciwon suga ke nan. Iyayenta 'yan kasuwa ne daga kudu, amma a Funtua aka yanke mata cibiya, Hausar bakinta kuwa ta fi ta wasunmu.

Takan ɗiga fitsarin majinyaci cikin wani shuɗin ruwa ta dafa a kan fitilar. In ya tsaya shuɗi, lafiya lau. In ya koma ja kamar jar ƙasa, to akwai magana. Daga nan sai ta zazzage kwalbar maganinsa a faranti ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage. Da haka take kama masu tsallake sha, da masu raba wa maƙwabta don kara. Ba ta faɗa. Kallo ɗaya ta saman tabarau ya isa.

Malam Maiwada na Danja ne ya ɗaure mata kai a 1979. Ƙwayoyinsa daidai suke kullum, ruwan gwajinsa kuwa ja zur. Ga gyambo a ƙafarsa ya ƙi warkewa, likita har ya fara zancen a kai shi Zariya a yanke ta.

"Malam, shayi fa?"

"Rabona da sukari shekara guda, Sista. Allah shaida ne."

Ta yarda ba maƙaryaci ba ne, amma abin ya hana ta sukuni. Ran Asabar ta hau motar Danja. Ta tarar da doki yana juya injin matse rake, Maiwada na tsaye kan kaskon mazarƙwaila. Kafin azahar ta ga ya lashi ludayi sau goma sha tara.

"Wannan kuma mene ne?"

"Ɗanɗano ne, ai ba ci ba ne. In ban taɓa da harshe ba, ta ina zan san ta nuna? Haka babana ya koya min."

Ba ta ce ya bar sana'ar da ke ciyar da gidansa ba. Ta sa matarsa Hansai ta kawo ruwan sanyi a ƙwarya, suka yi ta ɗiga ruwan raken da ke tafasa a ciki, yana murzawa da yatsu, har hannunsa ya gane abin da harshensa ya sani. Kasko biyu suka ƙone ranar. Bayan wata uku ruwan gwaji ya tsaya shuɗi, gyambo ya kama hanyar warkewa.

Sista, ke ce wadda ƙirga ƙwaya bai ishe ki ba sai kin je kin ga yadda mutum yake yini. Bana kin ajiye aiki, muna kewarki, mun kuma gode. Masu tasowa a wannan aiki, ku riƙa taka ƙafa zuwa inda majinyaci yake.

Ranar sallamarta daga aiki, Maiwada ya shigo da ƙafafunsa biyu, ya ajiye mata curin mazarƙwaila a kan tebur.

"Shekara tara ban san ɗanɗanonta ba, Sista," in ji shi. "Ki taɓa ki gaya min ko har yanzu na iya."