Ruwan da Na Saki Daga Saman Rufi

Shekarun baya, lokacin da ɗana ya ɗauko ni daga gida na zo Doha jinyar gwiwa, mun zauna a wani gida a Mu'aither da rufinsa ke yoyo. Ruwan sama ba ya yawa a ƙasar nan, amma ranar da ya sauko sai da muka jera tukwane a ɗakin jikokina. Wakilin mai gida ya ce zai gwada wani ƙaramin kamfani. In aikinsu ya yi kyau, zai ba su sauran gidajen layin duka.

Mai kamfanin mutumin Kolombiya ne, gajere, mai furfura a gemu. Ma'aikatansa uku, duk Sifaniyanci suke yi a tsakaninsu. Tun asuba suke hawa, saboda kafin hantsi rufin ya zama tanda. Suna shimfiɗa wani baƙin abu mai kama da tabarmar kwalta, suna gasa shi da wuta har ya manne. Nakan aika musu da shayi da ƙosai. Shi kuma mai kamfanin duk sanda ya gan ni sai ya dafa ƙirji ya ce, "Mama, shukran." Iyakar hirarmu ke nan.

Ranar Alhamis suka gama. Ranar Juma'a, bayan ɗana ya tafi masallaci, na lallaɓa matattakala da gwiwata domin in ga aiki. Rufin nan cike yake da ruwa har idon sawu, an toshe bakin magudanar da wata roba da tsumma.

Ni a gidan soro na tashi. Kafin damina mahaifina yakan hau ya share indararo da hannunsa, domin ruwa in ya kwana a kan soro, ɗaki ne zai rufto kan mutane. Ina yarinya na ga an tono maƙwabciyarmu daga ƙasa saboda haka. Ga jikokina suna barci a ƙarƙashin wannan tafki! Ban tambayi kowa ba, dama tambaya ba halina ba ce. Na naɗe zane, na shiga ruwan, na fizge toshiyar, na tsaya har ya zurare ta bututu. Sannan na mayar da ita yadda na same ta, don kada a ce tsohuwa ta cika katsalandan. Na sauko ina jin kaina kamar wadda ta ceci gari.

Da safiyar Asabar na ji hayaniya a tsakar gida. Wakilin mai gida yana ta ɗaga murya yana cewa, "Khalas! Khalas!" wato magana ta ƙare. Mai kamfanin yana tsaye, hularsa a hannu. Na kira ɗana gefe.

"Me ya faru?"

"Aikinsu ne ya faɗi gwaji, Hajiya. Da gangan suke tara ruwa ya yi kwana biyu, su ja layi da alli a jikin bango. In ruwan bai sauka daga layin ba, rufi ya yi. To yau an hau, babu ko ɗigo. Wakili ya ce ruwan ya shige cikin siminti, su kwashe kayansu. Sauran gidajen ma an fasa."

"To shi mai kamfanin me ya ce?"

"Ya ce zai ɓamɓare duka ya sake, ba sai an ƙara masa komai ba. Bai gane inda ya yi kuskure ba. Wai shekara biyu yana neman aiki irin wannan, kuma da shi yake so ya riƙe mutanensa, kada su koma gida hannu wofi."

Wallahi sai da na ji gwiwar tawa mai ciwo ta daina ciwo, kunya ta danne ta. Zan iya yin shiru, babu wanda ya gan ni sai Allah. Na ɗan tsaya a bakin ƙofa ina kallon ɗaya daga cikin ma'aikatan yana naɗe tiyo a hankali, kamar ba ya so ya gama. Sai na ja mayafi na fita.

"Faɗa musu ni ce," na ce wa ɗana.

"Ke ce me?"

"Ni na saki ruwan. Ka fassara, kada ka rage komai, kada kuma ka gyara mini magana."

"Haba Hajiya, a gaban mutane?"

"A gaban mutane aka zubar masa da mutunci, ai."

Ya fassara, yana share gumi. Wakili ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ta yaya zai san ba tausayi ne ya sa na ɗauki laifin ba. Ya ce shi takarda yake kai wa mai gida, ba labarin tsohuwa ba. Na ce a ba ni takarda. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, jikata ta fi ni kyawun rubutu, amma na zauna na rubuta abin da na yi da Hausa, layi huɗu masu karkata. Ɗana ya juya shi Turanci a ƙasa, na sa hannu da cikakken sunana, ba dangwale ba.

Da na miƙa takardar sai mai kamfanin ya tambayi ɗana dalilin da ya sa na saki ruwan. Na ba shi labarin soro da indararo da maƙwabciyarmu. Sai ya ciro waya ya nuna mini hoton wata tsohuwa a gaban gida mai jan rufi, a gefen dutse. Ya ce mahaifiyarsa ce. Ita ma in ta ji ruwa ya yi ƙarfi ba ta zama, sai ta bi ɗakuna tana ɗaga kai. Ya ce laifinsa ne da bai gaya wa uwar gidan abin da zai yi a kan gidanta ba.



Aka sake tara ruwan. Wannan karon shi ya riƙe hannuna muka hau, ya ba ni allin na ja layin da kaina. Kwana biyu ina hawa safe da yamma ina gadin ruwan da na tsana. Bai motsa ba, sai ɗan abin da rana ta sha. Wakili ya ba su sauran gidajen. Ni kuma duk matar da na sani daga Mu'aither har Al Wakrah da ta yi ƙorafin yoyo, sai na ce ga mutanena, ki kira su, amma in kin ga tafki a sama ki kama kanki.

Har yau ban daina faɗa ba, kuma ba na shirin dainawa. Sai dai yanzu in na ga mai sana'a yana abin da ban gane ba, nakan tambaya kafin in naɗe zane. Guntun allin nan yana cikin jakar da nake ajiye takardar shaidar karatuna. Da aka yi ruwa mai ƙarfi a shekarar, mai kamfanin ya bugo wa ɗana waya, bai tambayi rufi ba. Cewa ya yi, "Mama ta zauna, ko tana bin ɗakuna?"

Ina bin ɗakuna. Ko'ina a bushe.