Ranar da Na Auna Sifikar Falona

Har in bar duniya ba zan manta da wata Lahadi a gidanmu na Bukan Sidi ba. A lokacin na fi shekara ashirin ina haɗa sifikun biki a Lafia, kuma duk taƙamata da kunnena nake yi. Ko daga bakin titi na ji kiɗa sai in gaya maka inda sifikar ke ciwo.

Wani abokina malamin makaranta a Obi ya aro mini mitar auna ƙara, yana tsokanata wai in gwada ko ƙarfe zai fi ni ji. Na yi dariya na karɓa.

Ranar an ɗauke ruwa da la'asar, unguwa ta yi tsit, ga wuta an kawo. Na ajiye mitar a kan kujera, ta fuskanci sifikar da na ƙera wa falona da hannuna. Na fara sakin sautin gwaji daga waya, ɗaya bayan ɗaya, daga mai kauri zuwa siriri. Na farkon a ƙirji na ji shi, har ruwan da ke cikin kofi yana rawa. Na lumshe ido ina bin su suna hawa a hankali, jikina ya saki kamar mai gyangyaɗi a mota. Wallahi na ji daɗin wannan zama.

Can sai shiru. Na buɗe ido, lambobin mitar na nan sama, ba su sauka ba. Na ce lallai mitar nan ta lalace, na ƙara murya, na sake ƙarawa.

Sai ga matata daga kicin, ta toshe kunnuwa da hannu biyu.

"Maigida, don Allah kashe abin nan, zai fasa min kai."

"Wane abin?" na tambaye ta.

Ta sauke hannuwanta a hankali, ta tsaya tana kallona. A fuskarta na gane sifikar lafiyarta ƙalau, mitar ma haka. Na ji tsoro ƙwarai. Shekarun da na yi tsaye a gaban sifikun biki sun cinye mini siririn sauti, ban ma san ranar da ya tafi ba.

Ban bar sana'ar ba, amma yanzu ba na sallamar sifika sai mita ta duba, matata kuma ta saurara. Na koyi cewa mutum ba ya jin abin da ya daina ji, sai dai na kusa da shi su gaya masa.