Itacen da Awaki Suka Ƙi

Shekaranjiya na kai jikata asibiti a Talata Mafara. Muna zaune muna jiran a kira mu, sai ta tsinko wani fure ja-ja daga shingen da ke bakin baranda. Farin ruwa ya ɗiga a yatsanta. Ban san lokacin da na buge hannunta ba. Ta fashe da kuka, mata suka bi ni da kallo. Ban ba kowa haƙuri ba. Na san itacen nan. Ni na ba shi ruwa ina yarinya.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Maradun, can wajen Damaga. Babanmu ba malami ba ne, ba mai sarauta ba. Gonar gero yake da ita da jaki ɗaya. In maza sun taru a ƙofar masallaci, shi ake ce wa ya matsa wani ya zauna. Wata ranar kasuwa bayan girbi ya kai wake Mafara, ya dawo da ɗan tsiro a gwangwani, ya rungume shi kamar jinjiri. Mai sayar da dashe ya gaya masa zaitun ne, itacen da Allah ya ambata a Alƙur'ani.

Babu wanda ya taɓa ganin zaitun a garinmu. Liman ya zo ya duba, ya ce shi suna kawai ya sani. Alhaji guda da muke da shi ya ce a Makka man zaitun ɗin kawai ya gani cikin kwalba, amma siririn ganyen nan ya yi kama da na itatuwan can. Wannan ya ishi Baba.

Ya dasa shi gefen rumbu, ya kewaye shi da ƙaya. Ban ruwa ya zama aikina. Da bazara, lokacin da rijiya ke ja da baya har guga ya riƙa fitowa da laka, sai itacen ya sha kafin mu sha. Shi ko bai san rani ba. Komai ya bushe, shi yana nan kore shar. Mutane suka fara sallama don su gan shi. Aka laƙaba wa Baba suna Mai Zaitun, aka fara ba shi wuri a tabarma. Ni ma na riƙa ɗaga kai a dandali. Ba zan ɓoye muku ba, mun ji daɗin shekarun nan.

Awakinmu ba abin da suka bari, har zanen da aka shanya. Wata rana iska ta ture ƙayar. Suka zo, suka sunsuni ganyen, suka wuce.

"Kun gani?" in ji Baba. "Ko dabba ta san abu mai albarka."

Kakarmu na zaune bakin ɗakinta tana kaɗi. Ita ta haifi Baba, shi ne ɗanta na fari. Ku yaran yanzu ba ku san abin da wannan ke nufi ba. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya gaishe ta, sai ta amsa tana duban bango. In tana da saƙo, wani take ba. Ranar ta tashi ta karya ganye ɗaya, ta dubi farin ruwan da ya fito, ta goge yatsanta da ƙasa. Ta ce wa innata, "A faɗa ma wancan, wanga icce ban yarda da shi ba."

Inna ta faɗa. Baba ya yi dariya, ya ce tsohuwa ba ta san itace ba in ya wuce kuka da tsamiya.

Ya hana kowa tsinkar ganye, ya ce sai itacen ya yi fure. Da ya wuce tsayina, wata damina, ya yi. Ja-ja, mai ƙamshi. A kwanakin ne ɗan maƙwabcinmu ya kamu da tarin da ya ƙi jin magani. Da hantsi uban ya yi sallama, da ƙanensa, da uwar yaron tana goye da shi. Ta durƙusa.

"Mai Zaitun, a taimake mu don Allah. In dafa mai ko ya samu sauƙi."

Ranar da Baba ya daɗe yana jira ke nan. Ya yi bisimilla, ya tsinko ganye cike da hannu, ya miƙa.

Sai Kaka ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, gaban baƙi.

Taɓaryar Inna ta tsaya a turmi. Ni ban taɓa jin sunan nan daga bakin tsohuwar ba. Baba ma bai taɓa ji ba. Ya juyo, ta dube shi ido cikin ido.

"Kawo nan."

"Iya, zaitun ne."

"In shi ne, ba ya cutar da akuya. Kawo."

Ta karɓa, ta yanka shi ƙanana, ta cuɗa da dusa da gishiri. Ba ta ba awakin gida ba. Tata ta ba, jar akuyar da ita kaɗai ta mallaka a duniya, da ciki a jikinta. Ta ce wa uwar yaron, "Ɗiyata, jira la'asar."

Ba a kai la'asar ba. Kafin azahar akuyar ta fara tangaɗi, ta faɗi, bakinta ya cika da kumfa. Ta yi ta shure-shure har ta daina. Ba wanda ya ɗauko wuƙa, don ba mai cin naman. Maƙwabcinmu ya dubi akuyar, ya dubi ɗansa. Bai zagi Baba ba. Ya ce, "Allah shi tsare gaba," ya kwashe iyalinsa suka fita. Da ya yi zagin, da ya fi mana sauƙi.

Baba ya ɗauko gatari ya sare itacen. Ya ja shi, shi da mushen akuyar, zuwa wani tsohon rami a bayan gari. Daga baya kututturen ya sake tsirowa. Wata ma'aikaciyar asibiti, Kirista, da ta zo yi wa yara rigakafi daga Mafara, ta gan shi. Ta ce furen ado ne da ake shinge da shi a gidajen ma'aikata, kuma dafi ne daga saiwa har fure. Ta faɗi sunansa da Turanci, ban riƙe ba. Baba ya haƙe saiwar a ranar.

Har aka girbe gero bai zauna a ƙofar masallaci ba. Yana sallame salla yake sa takalmansa ya wuce. Laƙabin kuwa bai tafi ba. In na je ɗiban ruwa, sai 'yan mata su ce, "Ɗiyar Mai Zaitun, a sam muna magani." Na daina zuwa dandali. Kaka ma ta yi kwanaki ba ta fito tsakar gida ba. Ba akuyar ta hana ta fita ba, sunan da ta faɗa ne. Ba ta sake faɗinsa ba har ta rasu, Allah ya jiƙanta. Baba kuma bai sake kallon gefen rumbun nan ba.

Garin namu ya watse yanzu, kun san dalili. Na ga abubuwan da suka fi mutuwar akuya, ban yi kuka ba. Yau uwa na kiran ɗanta na fari daga wancan tsallaken titi, ba wanda ke waigowa. Ni ma ina kiran nawa. Amma yaron mai tarin nan yana nan Mafara, da furfura a gemunsa, yana sayar da albasa. In na gitta sai ya ce, "Mutanen gidan zaitun, an tashi lafiya?" Ba da mugunta yake faɗa ba. Ni dai kaina sai ya sunkuya.

Da jikata ta gama kukanta a asibitin, ta ja zanena ta ce, "Kaka, mi ne sunan furen?"

Na ce mata ban sani ba. Na san dai ba zaitun ba ne. Na kai ta famfo na wanke mata hannu da sabulu.