Igiyar Gugan Armaya'u

Armaya'u maƙwabcina ne a Tsaskiya, kuma haƙar rijiya ce sana'arsa tun yana saurayi. Shi ya haƙa rijiyar unguwarmu, a zurfin gaba bakwai ya tarar da ruwa. Daga baya damina ta koma zuwa a makare, ta ɗauke da wuri. Duk ranin da ruwa ya ja ƙasa, sai ya shiga ya ƙara zurfi, ya fito ya ɗaura wa igiyar guga wani guntu. Kowane ƙulli ya san shekararsa.

Bara masu binciken sauyin yanayi suka zo daga birni, wai ko mun lura ruwa na raguwa. Armaya'u ya shimfiɗa musu igiyar a ƙasa: ƙulli tara, gaba goma sha shida. Ya bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya yana faɗin shekara. Shugabarsu ta yi ta ɗaukar hoto, ta roƙe shi ya ba su igiyar su nuna a taro. Kunya ta hana shi cewa a'a.

Bayan sati biyu muna aron igiya, direbansu ya kawo sabuwar igiya mai sheƙi da takardar godiya. Muka taru, Armaya'u ya zura guga. Igiya ta ƙare, guga na ta lilo, ko jiƙewa bai yi ba. Mutanen da suka zo auna ruwanmu, gaba goma suka aiko mana.