Tambayar Ranar Talata

Rilwanu mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Mafara. Ɗan Bakura ne, gidan malamai, kuma duk gidansu shi kaɗai ya bar allo ya kama kwamfuta. Amma halin gidan bai sake shi ba. Mahaifinsa kan biya wa ɗalibi aya ɗaya sau ashirin bai ɗaure fuska ba, haka shi ma Rilwanu yake da tambaya.

Ni da shi muka buɗe zaure a WhatsApp don masu koyon rubuta manhaja da Hausa. Kafin shekara mun haura mutum ɗari biyu. Matsalarmu ɗaya: duk wanda ya shigo, kafin ya gama sallama sai ya ce, "Ba ni da kwamfuta, ana iya koyo da waya?" Rilwanu sai ya ajiye wayar da yake gyara, ya amsa tun daga farko, kamar yau ya fara jin tambayar.

Ni ban da wannan haƙurin, kuma ba na ɓoyewa. Na tattara amsoshin wuri ɗaya, na kafa doka: wanda ya maimaita tambayar da aka riga aka amsa har sau uku, waje.

Rilwanu ya ce, "Hamidu, tambayar tsohuwa ce wurinka. Wurin mai ita sabuwa ce."

Na ce masa wa'azi sai masallaci.

Akwai wata Taibatu daga wani ƙauye a ƙasar Maradun. Duk Talata da yamma sai ta aiko da doguwar gaisuwa, ta tambayi gida da aiki da gajiya, sannan ta ce ta rubuta abin da aka koyar, to yaya za ta ga ya yi aiki in ba ta da kwamfuta? Rilwanu ya amsa. Wata Talatar ta sake. Ya sake amsawa, har da hotuna. Ba godiya, ba komai, sai tambayar nan dai. A ta huɗu na rubuta mata, "Zauren nan ba wurin wasa ba ne," na fitar da ita. Har daɗi na ji.

Rilwanu bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kira lambarta a kashe, ya tura saƙo shiru. Daga nan duk Talata sai in ga yana duba wayarsa yana ajiyewa.

Bayan shekara guda da wani abu, wani mai albasa ya kawo gyaran waya ina zaune a shagon. Rilwanu ya tambayi lambarsa don ya liƙa a bayan wayar. Yana cikin rubutawa ya tsaya cak.

"Malam, kai wane ne ga Taibatu?"

"Ƙanwata ta," in ji mutumin, Ɗanbaba sunansa. "Mi ya hwaru?"

A nan muka ji komai. Wayar tasa ce. Yawon kasuwanni yake, ran Talata kawai yake biyawa ta gida. Sai ta roƙe shi aron wayar, ta hau tudun bayan gari inda ake samun sabis, ta kwafe darasi a littafi, ta aika tambayarta, ta maido masa kafin amsa ta iso.

"Ni ko wayar ba ta da wuri," in ji shi. "In na ga saƙonni sun cika ta, sai in goge duka. Ban san na karatu ne ba."

Amsa ɗaya tak ta taɓa gani. Ranar sabis ya yi kyau, saƙon nan nawa na kora ya iske ta tana kan tudun.

Na rasa inda zan sa fuskata. Rilwanu ya tambayi inda take. Ɗanbaba ya ce tun da zaman ƙauyen ya gagara suka watse, ita da mijinta sun yi kudu neman gona, wajen Kwantagora. Ba waya a hannunsu, sai in wani ya zo a ji labari.

Talatar da ta biyo ya kawo littafinta da ta bari cikin kayan tsohuwarsu. Littafin makaranta ne, bangon ya sha hayaƙi. Shafi bayan shafi ta rubuta darussanmu da biro, har tazarar farkon layi ta auna da kyau. A ƙarshe akwai abin da ta ƙirƙira da kanta, layi biyar. A ƙasa ta rubuta: "Ban sani ba ko yana aiki."

Rilwanu ya jawo kwamfuta ya kwafe, bai canza ko ɗigo ba. Ya danna. Allon ya tambaya, "Wa ke sallama?"

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya rubuta sunanta.

Allon ya ce, "Sannu da zuwa, Taibatu."

Ya buga wannan a takarda, ya rubuta a ƙasa, "Yana aiki," ya ninke ya ba Ɗanbaba, ko Allah zai kawo mai tafiya can.

Na soke dokata a ranar. Yanzu ni ma ina amsawa, ko da yake har yau sai na yi tsaki tukuna. Rilwanu kuwa ya ƙara wata al'ada: kafin ya amsa wa sabon shiga, sai ya tambaye shi, "Wayar taka ce ko ta aro?"

Damina biyu ke nan. Duk Talata, Ɗanbaba na sauke buhunansa Rilwanu zai miƙe tsaye. Shi kuwa tun daga nesa sai ya dafa aljihun rigarsa ya girgiza kai. Takardar tana nan.